Jar Fitilar Da Ta Tsayar Da Baba

Jama'a, kafin ku ci gaba da zagin Dogo a ƙarƙashin rubutuna, ku tsaya ku ji. Na karanta duk abin da kuka rubuta, har da wadda ta ce in rabu da shi tun kafin ya ƙarasa mana uba. Na yi shiru na bar ku kuna ta wanke shi tas, don shirun ya fi min sauƙi. To yau na gaji da ɗaukar abin a ƙirjina. Laifin nawa ne, ni Auta, kuma zan faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: Babanmu direban babbar mota ne, shekara talatin da huɗu yana kan titi bai taɓa kayar da mota ba. Wata biyar da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin dama. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun dama ne ya ƙi. Yatsun nan a lanƙwashe suke a kan cinyarsa, ko cokali ba ya riƙewa.

Shi kuwa Dogo abokin aikina ne a wani ƙaramin kamfani mai ɗaki biyu a saman shagon taya, inda muke ƙera wasannin waya, gem dai. Shi ke rubuta abin da ke sa gem ya yi aiki, ni ke zana abin da ido ke gani a gefen allo: maki, agogo, sandar ƙarfi, duk ɗan abin nan da ke motsi yana gaya wa mai wasa halin da yake ciki. Shekara biyu ke nan yana nemana. Da na kai maganar cewa yana neman izinin turo manyansa, Baba ya daɗe yana kallon lanƙwasasshen hannun nan kafin ya ba ni amsa.

"Ba ƙin yaron nake ba, Auta. Amma ba zan tari manyan mutane a falona in miƙa musu hannun hagu ba. Ranar da hannun nan ya riƙe hannun mutum, ki ce su zo."

Kun ji inda aurena ya rataya, a kan yatsu biyar.

Likitar gashin ƙashi da ke duba shi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa safe da yamma. Baba ya yi kwana uku ya jefar da ita ƙarƙashin gado, ya ce shi ba jariri ba ne. Shi ne Dogo ya kawo shawara mu yi masa gem. Ya sa wata 'yar na'ura a cikin ƙwallon, ya haɗa ta da tabilet. In Baba ya matsa ƙwallon, babbar mota ta yi gaba a kan allo. In ya saki, ta tsaya. Kowane zagaye minti ɗaya ne. Sakan arba'in na farko shimfiɗaɗɗen titi ne, na ɗumama yatsu, sakan ashirin na ƙarshe kuma tudu ne mai tsayi da sai an matsa da gaske motar ke hawa. Likitar ta gani ta amince, ta ce tudun nan shi ne maganin, sauran duk share fage ne.

Saura agogon da zai nuna lokacin da ya rage, kuma wannan aikina ne. Na ce bari in faranta wa Babana rai. Na zana masa geji zagayayye irin na gaban mota, da allura wadda ke sauka a hankali daga kore zuwa ruwan ɗorawa, daga nan zuwa ja. Da ta shiga ja, wato sakan ashirin ya rage, sai wata jar fitila ta fara walƙiya, lambobin suna rawa, ƙara na tashi tit, tit, tit. Wallahi ya yi kyau. Kwana huɗu na yi a kansa.

Dogo ya tsaya a bayan kujerata, ya tura gilashinsa sama.

"Auta, motsin nan bai yi yawa ba?"

"Wane yawa? Ka taɓa ganin gem ba agogo?"

"Ido abin da ke motsi yake bi. In gefe ya fi tsakiya hayaniya, mutum zai bar motar ya koma kallon gefe. Ki sa lamba kawai, baƙa, a zaune."

"Lamba a zaune! Sai ka ce takardar asibiti."

Na kira 'yan ofis biyar suka gwada. Dukkansu da fitilar ta kunna sai suka ƙara matsa ƙwallon suna ihu, "Lokaci zai ƙare!" Na juya na kalli Dogo ina murmushin nasara.

"Ka gani? Kowa ya gane."

Ya ɗaga hannu biyu ya koma kujerarsa. Abin da ban tsaya na lura ba shi ne, su biyar ɗin babu wanda ya kai shekara talatin, kuma babu wanda bai tashi da gem a hannu ba.

Sati shida Baba yana rufe ƙofar ɗakinsa safe da yamma yana yi. Ba ya so a kalle shi, mu kuma mun bar shi da mutuncinsa. Muna jin ƙarar motar ta ƙofa, muna murna.

Ranar Alhamis aka koma ganin likita. Na sa doguwar rigata ruwan toka da baƙin mayafi, har da ɗan turare, don a raina na riga na gama shirya saƙon da zan tura wa Dogo: ka gaya wa su kawunka su fara gugar kaya. Yaya Babba, wato babban wanmu, shi ya ja mu a motarsa. Mama na baya tare da ni, tana riƙe da jakar magunguna.

Likitar ta ba Baba wani ƙarfe mai awon ƙarfin riƙo. Ya matsa. Ta duba, ta ce ya sake. Ya sake. Ta buɗe fayil ta daɗe tana kallon shafin baya, sannan ta kama yatsunsa tana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya. Na ga ta ɗan cije leɓe.

"Baba, kana yin motsa hannun kuwa?"

"Safe da yamma."

"Har ƙarshe?"

Baba ya kalli bango. "Ina yin iya abin da ya kamata."

Ta ajiye biro. "Ba zan ɓoye muku ba. Inda muka bar shi sati shida da suka wuce, nan yake, ƙaramin yatsan ma ya ƙara ƙagewa. Watannin farkon nan su ne hannu ya fi karɓar aiki, kuma mun ci da yawa daga cikinsu. Ba na ce an makara ba, amma ba mu da sauran satin da za mu zubar."

Ban san lokacin da na kama gefen gadon awo ba.

Muka shiga mota, Yaya ya rufe ƙofa. Bai ma tayar da injin ba.

"Sati shida," ya ce, yana kallona ta madubi. "Sati shida an zaunar da dattijo yana wasan yara. Na faɗa tun farko, aka ce ni ne mai baƙin ciki."

"Yaya, likita fa ta amince da—"

"Rufe min baki! Likita ce ta ƙera? Wannan ɗan gem ɗin naki ya mayar da ubanmu abin gwajinsa don ya samu shiga. To ya samu. Ki gaya masa ranar Asabar bayan la'asar ina nemansa a gida, ya zo ya kwashi tarkacensa a gaban kowa. Daga ranar kuma kar in sake ganin ƙafarsa a layinmu."

"Babba, a bi a hankali," in ji Mama, murya ƙasa-ƙasa.

"Mama, hankalin ne ya kawo mu nan."

Baba yana gaba, ya juya fuska waje yana kallon masu wucewa. Haka muka iso gida.

Ina shiga ɗaki na yar da mayafi na faɗa kan gado, waya na ta haske. Dogo ne.

"Yaya aka yi? Me likita ta ce?"

Na rubuta na goge sau uku. "Babu ci gaba. Yaya ya ce ka zo Asabar ka ɗauki kayanka."

Minti goma bai amsa ba. Na ce shi ke nan, ya yi fushi. Sai ga saƙo.

"Na buɗe bayanan da tabilet ɗin ke turowa. Laifina ne da ban duba ciki ba tuntuni, yawan zagayen kawai nake gani ina jin daɗi. Auta, bai taɓa tsallake rana ba. Zagaye ɗari takwas da wani abu."

"To me ya faru?"

"Babu ko ɗaya da ya kai ƙarshe. Duk a sakan na arba'in da ɗaya yake sakin ƙwallon. Wani lokaci arba'in da biyu. Bai taɓa hawa tudun ba."

"Gajiya yake yi?"

"Mai gajiya a hankali ƙarfinsa ke raguwa. Shi da ƙarfinsa yake tafiya, sai ya saki lokaci ɗaya, kamar wanda ya taka birki."

Na zauna daram a kan gadon. Sakan na arba'in. Ni na san abin da ke faruwa a sakan na arba'in, don da hannuna na sa shi. Dogo ma ya sani. Na jira ya rubuta "ai na gaya miki", wallahi da ya rubuta da na ji sauƙi. Abin da ya turo kawai shi ne, "Ki je ki zauna da shi da yamma. Kar ki kalli allon, idonsa za ki kalla."

Ƙarfe biyar na ƙwanƙwasa ɗakin Baba da kofin shayi. Yana zaune a kujerarsa ta gefen taga, da farar jallabiya da ta sha wanki, tabilet ɗin a jingine da matashi a kan ƙaramin tebur. A bango tsohon lasisinsa ne a cikin firam, da makullin motarsa ta ƙarshe rataye a ƙusa.

"Baba, in zauna in ga tuƙin?"

Ya harare ni kaɗan. "Yayanki ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

Ya sa hagu ya cusa ƙwallon cikin hannun dama, ya danna allon. Motar ta tashi. Na ƙura wa fuskarsa ido. Sakan biyar na farko ne kawai ya kalli titin. Daga nan idonsa ya koma kusurwar dama ta sama, inda allurata ke sauka, bai sake barin wurin ba. Da ta shiga ruwan ɗorawa na ga numfashinsa ya canza, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Tudun ya bayyana, fitilar ta kunna, tit, tit, tit. Nan take ya buɗe hannun, ƙwallon ta faɗo cinyarsa. Ya jingina da kujera, ya ɗora hagu a kan ƙirjinsa yana sauke numfashi.

"Baba, me ya sa ka saki? Ga tudun nan fa."

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake rufe ƙofa in za a fita.

"Ba ki ga ja ta kawo ba?"

"Na gani, amma—"

"Shekara talatin da huɗu, Auta. Kin san me ya sa ban taɓa ƙona inji ba? In allura ta faɗa ja, fitila ta kawo, ba a gardama. Ko a tsakiyar daji ne, ka gangara gefe ka kashe mota. Waɗanda suka ce bari in ƙarasa tudun nan, na sha wuce su a hanya suna zaune a kan dutse, hannu a ka." Ya nuna allon da haɓa. "Yaron nan ya yi hankali da ya sa min gejin jini. Da na fara matsawa sai in ga yana sauka, yana sauka. In ya kai ja na san jinin ya hau ke nan."

Na ajiye kofin shayin a kan tebur.

"Gejin jini, Baba?"

"To na mene ne? Ba a cikin ƙwallon yake ji ba?" Ya rage murya, ya kalli ƙofa. "Kar ki gaya wa uwarki. Sati shida ke nan kullum a wuri ɗaya yake kawowa, ko sau ɗaya bai ɗaga min ƙafa ba. Injin ya tsufa, 'yar nan. Na san in na matsa a kan jan nan, faɗuwa ta biyu ce, kuma ba kowa ke tashi daga ta biyu ba. Ni ba mutuwar nake tsoro ba. Kwanciyar da za a riƙa juya ni nake tsoro."

Sau ashirin a rana, jama'a. Sau ashirin a rana zanena yana gaya wa Babana cewa ya kusa faɗuwa, shi kuma yana rufe ƙofa yana haɗiye abin shi kaɗai don kar hankalinmu ya tashi.

Nan ne ya kamata in durƙusa in ce Baba agogo ne, kuma ni na zana shi. Bakina ya buɗe. Sai na tuna fuskar Yaya a madubi, na tuna yadda Baba ke nuna ni ga abokansa yana cewa Autata ce mai aikin kwamfuta. Na ce masa kawai, "Baba, ba jini yake aunawa ba, lokaci ne." Ya yi ɗan murmushi ya shafa kaina da hagu.

"Haka ake gaya wa marar lafiya. Je ki, Allah ya yi miki albarka."

Bai yarda ba. Ni kuma na ɗauki kofin na fita, ban faɗi sauran ba. Ku kira ni matsoraciya, na amsa.

Ranar Juma'a ban je aiki ba, na ce kaina ke ciwo. Dogo ya kira sau huɗu ban ɗauka ba. Na tura masa abin da Baba ya faɗa, kalma da kalma. Ya amsa da layi ɗaya: "Gobe ki bar ni da su, kar ki ce komai." Na san abin da yake nufi, kuma ban hana shi ba.

Asabar da la'asar ya zo, cikin riga mai ruwan sararin sama da guga ta kwanta mata, jakar kwamfutarsa a kafaɗa. Ya cire takalmi a bakin falo ya jera su, ya durƙusa ya gaida Baba da Mama, sannan ya zauna a kan kafet duk da an nuna masa kujera. Yaya yana tsaye, ya riga ya zuba tabilet da ƙwallo da caja a cikin baƙar leda ya ajiye a tsakiyar tebur. Ni ina bayan labulen da ya raba falo da hanyar kicin, tiren ruwa a hannuna.

"Ba dogon zance na kira ka ba," in ji Yaya. "Ga kayanka. Ka ci mana sati shida na hannun mahaifinmu."

"Haka ne, Yaya. An yi kuskure, kuma ina neman afuwa. Amma ina roƙon a bar ni in yi wa Baba bayani ɗaya kafin in tafi."

"Bayanin me kuma?"

"Bar shi," Baba ya ce.

Dogo ya matso kaɗan. "Baba, gejin nan ba ya auna jini. Babu abin da ke cikin ƙwallon da zai iya jin jininka, matsi kawai take ji. Agogo ne. Ko ka taɓa ƙwallon ko ba ka taɓa ba, a sakan arba'in zai kawo ja."

"Haka Auta ta ce."

"A ba ni izini in nuna."

Ya zaro tabilet ɗin daga leda, ya kunna, ya ajiye ƙwallon can a kan hannun kujera inda ba mai taɓa ta. Motar na tsaye cak a kan titi, amma allurar ta kama sauka ita kaɗai. Kore. Ruwan ɗorawa. Ja. Tit, tit, tit.

Baba ya sunkuyo ya ƙura mata ido har ƙarar ta mutu. Na ga muƙamuƙinsa na motsi.

"Sake."

Ya sake. Haka ta kuma yi.

"Wato ba ni ba ne," Baba ya faɗa a hankali. "Duk kwanakin nan ba jikina ba ne."

Mama ta kalle shi. "Wane jikin? Me kake nufi?"

Ya ɗago, kuma tunda nake ban taɓa ganin idon Babana ya yi ja irin na ranar ba.

"Na rubuta wasiyya, ka sani? Sati uku da suka wuce, da hagu, kamar ɗan koyo. Tana cikin aljihun rigata." Mama ta dafe ƙirji ta yi salati. "Wane ne ya ɗauki jar fitila ya liƙa wa agogo? A gaban direba? Wane marar tunani ne ya zana wannan abin?"

Dogo bai ko kalli wajen labulen ba.

"Ni ne, Baba."

"Kai ka zana?"

"Ni na zana. Laifina ne ni kaɗai."

"Kun ji ko!" Yaya ya tafa hannu. "Da bakinsa. Tashi ka fita, malam, tun ina ganin mutuncinka."

Dogo ya fara naɗe wayar caja a hankali. Na ga bayan wuyansa, na ga yadda ya sunkuyar da kai, mutumin da ya ce min in sa lamba baƙa a zaune na yi masa dariya. In ya fita ƙofar nan da laifina a kansa, ya fita ke nan. In na yi magana kuma, Baba zai san 'yarsa ce ta sa shi rubuta wasiyya. Ban san yadda aka yi ba, sai dai na ji tiren ya bugi tebur, ruwa ya fantsama a kan ledar.

"Ƙarya yake yi, Baba."

"Auta," Dogo ya ce, "don Allah."

"Ni na zana. Ya ce min motsin ya yi yawa, ya ce in cire, na ƙi. Na gwada da yaran ofis na ce kowa ya gane. Na yi shi kamar gaban mota don in burge ka, ban taɓa tambayarka me ja take nufi a wurinka ba." Na durƙusa a gaban kujerarsa, hawaye na shiga min baki. "Tun shekaranjiya na sani, na kasa faɗa. Ka yafe min, Baba."

Yaya ya juyo gare ni. "Ke... kare shi kike yi."

"Ka duba kwamfutata, Yaya. Sunana ne a kan zanen, da kwanan wata."

Baba ya kalle ni, ya kalli Dogo, ya daɗe yana kallon Dogo. Sannan ya ce, "Babba, akwai baƙin salatif a motarka?"

"Salatif?"

"Na naɗe waya. Ɗauko."

Yaya ya fita yana gunaguni ya dawo da shi. Baba ya nuna kusurwar allon.

"Direban banza ne ke liƙe fitila don kar ta dame shi, ni ban taɓa yi ba. Amma wannan fitilar maƙaryaciya ce. Auta, ke kika kunna ta, ke za ki rufe ta."

Na yanko salatif uku na liƙe gejin gaba ɗaya, aikin kwana huɗu. Dogo ya kashe ƙarar. Baba ya cusa ƙwallon a hannun dama ya ce a danna.

Wannan karon idonsa na kan titi. Motar ta mirgina, ta wuce shimfiɗaɗɗen wurin, tudun ya taso. Ni da na san lokacin a ka, na ji sakan arba'in ya wuce a cikin ƙirjina. Bai saki ba. Jijiyoyin hannunsa suka tashi, motar ta fara hawa tana ja da baya, tana hawa tana ja da baya. Gumi ya jiƙa masa wuyan jallabiya.

"Ya isa haka, kar ka ji wa kanka," in ji Mama.

"Ba a tsayawa a tsakiyar tudu," ya faɗa ta tsakanin haƙora.

Ban san lokacin da Yaya ya matso ya tsuguna ba. "Saura kaɗan, Baba. Taka! Taka mata!"

Motar ta ɗora tayoyin gaba a kan tudun, ta tsaya, sannan ta haye. Ƙwallon ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur. Mama ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Baba ya jingina yana haki, yatsunsa na karkarwa su kaɗai a kan cinya.

"Ɗaya," ya ce. Ya juyo gare ni. "In za ki sake zanawa, ki sa min lambar tafiya irin ta mota, wadda ke ƙirga nisan da aka ci. Gaba kawai take yi, ba ta rawa, ba ta ihu. Mutum ya leƙa ya ga inda ya kai, ya mayar da ido kan hanya. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Kuma ki riƙa tambaya."

Bai ce ya yafe min ba. Na lura, kuma har yanzu da nake rubuta muku abin yana ci na.

Dogo ya rataya jakarsa, ya bar tabilet ɗin a kan tebur, Yaya kuma bai ce ya ɗauka ba. Ya durƙusa zai yi sallama. Sai Baba ya sa hagu ya ɗago hannun damansa daga kan cinya, kamar mai ɗaga kaya, ya ɗora shi a cikin tafin Dogo. Muna kallo yatsu uku suka lanƙwaso a hankali suka kama. Biyun suka ƙi.

Na tuna alkawarinsa, ranar da hannun nan ya riƙe hannun mutum. Mama ma ta tuna, don na ga ta sauke mayafin daga fuskarta.

"Kar ki yi murna tukuna," Baba ya ce, ba tare da ya kalle ni ba. Idonsa na cikin na Dogo. "Wannan ba gaisuwa ba ce, riƙe shi na yi. Yaro, ka zauna a falona, ka kalli tsabar idona, na tambaye ka sau biyu, sau biyu ka yi min ƙarya ko ƙiftawa ba ka yi ba."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba."

"Babba, ja uwarka ku ba mu wuri. Auta, ke ma fita, ki ja mana ƙofar."

Na fita na ja ƙofar. Abu na ƙarshe da na gani ta tsagar kafin ta rufe shi ne yatsun nan uku, har lokacin ba su sake shi ba.